Ƙwarya a Hannu Biyu

Bukar ɗan Ya Falmata ya yi mini abin da har yanzu ban yafe ba. Ya sanar da mutuwar ƙanwar uwarsa a waya, kamar mai cigiyar akuya.

Ga yadda aka yi. Muna da guruf a waya, mu mutanen ƙauyenmu da rikicin nan ya tarwatsa. Ƙauyen yana can ta hanyar Damboa, amma babu kowa a cikinsa sai gara da kangaye. Wasunmu suna Yola, wasu Kano, wasu har Legas, mu kuma muna nan Maiduguri, kowa ya raɓe inda ya samu. Abin da ya rage mana na gari shi ne guruf ɗin nan. Tun da bazarar bana ta kama, hira ɗaya ake yi a ciki, zafi. Wannan ta ce randarta ta zama tukunyar wanka. Wancan ya ce an ga hadari ta wajen Konduga, wani ya ce ƙarya ne, hayaƙin masu gawayi ne. 'Yar wance ta haihu. Wane yana da rago na sayarwa.

Ranar, bayan la'asar, ina zaune ƙarƙashin bishiyar maina a ƙofar ɗakina a Bolori ina tsince wake, na saki saƙonnin murya suna bin juna. Babu wuta, iskar kuwa kamar daga bakin murhu take fitowa. Sai ga muryar Bukar, da hon ɗin motocin Legas a bayanta: "Salamu alaikum jama'a, Allah ya yi wa Inna Bintu rasuwa yau da safe a Yola, har an kai ta. Allah ya gafarta mata." Ban gama salati ba wayar ta zarce da kanta, ga wani yana tambaya ko akwai wanda ya san mai gyaran sola.

Da busasshen maƙogwaro na ji mutuwar Bintu. Wanda ba ɗan garinmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba, shi ya sa na zauna ina rubutawa. Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, jikokina suna yi mini dariya, kuma ban sha wannan wahala don in riƙa karanta allunan shaguna kaɗai ba.

A garinmu ba a faɗa wa mace mutuwa sai ta sha ruwa. Idan labarin ya iso, maza ba sa shiga gida da shi. Bakin rijiya suke kai shi, su damƙa wa matan da ke wurin. Matan su duba wadda ta fi kowa shaƙuwa da mai rashin, ita ce za ta kai. Ta koma gidanta, ta ɗebi ruwa daga randarta, ba na aro ba, ta zuba a ƙwarya, ta rufe da faifai. Ba a kaiwa bayan faɗuwar rana, don kada mace ta kwana da sabon rashi ita kaɗai. Kuma ba a ka ake ɗauka ba. A hannu biyu ne, a gaban ƙirji. Mu da ko ƙwaryar gishiri a ka muke ɗora ta, idan kika hango mace tafe da ƙwarya a hannu biyu ba kya buƙatar mai shela. Yara su bar wasa. Masu daka su tsai da taɓarya, kowa ya zuba ido ya ga ƙofar da za ta shiga. Ta durƙusa a gabanki, ta ɗaga faifan, ki sha. Sai kin sauke ƙwaryar daga bakinki sannan za ta faɗi sunan.

Limamin garin ya taɓa cewa babu wannan a littafi. Tsofaffin mata suka ce su ma ba su ce akwai ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, can baya ina da ƙuruciyata, damina ta ci amanarmu, ta bayanta ma ta bi sawunta. Gero ya bushe bai kai ga fid da kai ba. Firgi, baƙar ƙasar nan ta bayan gari da muke dasa dawar masakwa idan ruwa ya janye, ba ta ma ga ruwan da zai janye ba. Ta dare, tsagar har ƙafar ɗan akuya takan faɗa ciki. Kafin bazara ta kankama rumbuna sun zama wurin shan inuwa. Maza da yawa suka tafi cin rani. Mijin Bintu yana cikinsu, kuma tun da ya tafi ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, sai ta tattaro ta dawo gidan yayarta Falmata, wadda muke kira Ya Falmata don girmamawa, zana ɗaya ce tsakanina da ita.

Ni 'yar Kanawa ce, fatauci ne ya kai ubana can ya zauna, na auri Modu, ɗan garin. Su Bintu Barebari ne. Tana yi mini Hausa a karkace, ina yi mata Barbarci a gurguje, muna zagin juna da duka biyun. Ban taɓa yin ƙawa irinta ba.

Kafin a kira asuba an fita. Rijiya ɗaya ce ta rage mai ruwa, ita ma sai an zauna an jira ta kamar mai naƙuda. A jera tuluna, a zauna a ƙasa. Guga ya sauka, ki ji ya daki ƙasa, ba ki ji ƙarar ruwa ba. A jawo shi, a jira ya tsattsafo. Abin da ke fitowa rabinsa laka ce, sai an kai gida an bar shi ya kwanta, an tace da ɗankwali. Ba a zubar da komai. Wanda aka wanke hatsi da shi na awaki ne. Na alwala a kwano ake tara shi, da yamma a goge wa yara jiki.

Ita rijiyar ce rediyonmu. Can za ki ji jakin wa ya kwanta bai tashi ba, wa ya kai tasoshin matarsa kasuwa, wa ya ga walƙiya ta gabas, wace ce ta dafa irin shuka a ɓoye har maganar ta kai gaban Bulama, wato mai garinmu. Da farko idan aka ce an ga wance tana tonon gidan tururuwa don ta kwashe hatsin da suka tara, sai a rufe baki, abin kunya ne. Ba a jima ba aka koma tambayar wane gidan tururuwa ne ba a tona ba. Har dariya akan yi. Ya Falmata ce ke raba faɗan layi, doguwar mace mai muryar da ake ji daga bayan gari. Wata rana ta gaji da masu ganin hadari, ta ce, "Duk wadda ta ƙara ganin hadari ta je ta kamo shi, ta ƙunso mana a zane."

In an dawo sai daka. Ba hatsi ake dakawa ba, dusa ce, da 'ya'yan ƙarangiya da muke sharowa a jeji, hannu duk ƙaya. A dama kunu da tsamiya don a ɓad da ɗacin, a sha sau ɗaya, a kwanta da miyar kuka mai kama da ruwan wanki. Rana na ɗagawa ƙasa ba ta takuwa. Ƙadangaru su lafe a jikin rumbu baki a buɗe. Na ga tsuntsu ya faɗo daga reshe ba wanda ya jefe shi. Da yamma mazan da suka rage su fita gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, su share, su binne iri a busasshiyar ƙasa, wai ko ruwa zai zo ya tarar da shi. Suna juya baya zabi da ɓeraye suna bi suna tonewa.

Sai sanƙarau ya shigo. Yaro ya kwana lafiya, da safe ya ce kansa, kafin azahar wuya ya sanƙare, kai ya koma baya. Tsofaffi suka ce ba ya barin gari sai ruwan farko ya sauka. Kowa ya koma kallon sama, sama kuwa fara fat kamar an wanke ta.

Ƙwarya ta fara yawo. Mace ta yini rabin rana a bakin rijiya, ta dawo da tulun da bai kai rabi ba, kuma daga cikinsa za ta ɗebi na kai labari. Wasu maza suka je wurin Bulama suka ce a dakatar da wannan al'ada har ruwa ya sauka, masu rai ma ba su sami na sha ba. Bulama ya aiko bakin rijiya a ji ta bakin mata. Ya Falmata ko ɗagowa daga igiyar guga ba ta yi ba. Ta ce, "Ku ce masa ai mai rai ce ke shan ruwan, ba gawa ba." Ba a ƙara tayar da maganar ba.

Ni kuwa a tsakiyar wannan na haihu. Wankan jego a shekarar da ake tace laka! Matan kusa da mu kowace ta ba da moɗa guda, Bintu ta haɗa, ta dafa, ta riƙa shafa mini da ganye, ruwan da bai isa wanke kwanuka ba. Tana yi tana tsiya.

"Ke dai Bakanuwa ba ki iya lissafi ba. Mutane suna rage baki, ke kina ƙarowa."

"Ki je ki gaya wa ɗan'uwanku Modu, ai ba daga Kano na zo da shi ba."

"Juya, mai bakin tsiya. Saura bayan."

Zara ce 'yata ta fari. Ta isa aike, ta isa ta riƙe mini jariri in shiga makewayi. Tana da wata 'yar waƙa da take yi wa awaki idan za ta ba su ruwan tsari. Wata safiya ta ce kanta. Na taɓa wuyanta, na ji abin da na ji. Modu ya ɗora ta a kan jaki ya nufi asibitin babban gari, tafiyar yini guda. Jego ya hana ni bin su. Na tsaya a bakin zana ina kallon ƙafarta tana reto a jikin jakin har suka shige cikin ƙayoyi.

Kwanaki suka wuce ba labari. Bintu ta riƙa dawowa daga rijiya da tulu a ka, ta leƙo ta kan zana ta ce, "Ba komai, Kulu," ni kuma kanta kawai nake duba. Muddin a ka yake, lafiya.

Wani hantsi ina zaune a inuwar rumbu ina ba jaririn nonon da babu komai a ciki, sai na ji dakan wani gida can ƙasa ya tsaya. Na kusa da shi ma ya tsaya. Shirun yana tahowa gida gida, yana matso ni. Ban ɗaga kai ba sai da na ga ƙafafunta a gabana.

Bintu ta durƙusa. Ta ɗaga faifan.

"Kulu, sha."

"Ba na jin ƙishirwa."

Ƙarya nake yi, harshena kamar ƙirgi yake. Amma na san ƙa'idar kamar yadda ta san ta. Muddin ban sha ba, ba ta da bakin faɗa. Muddin ba ta faɗa ba, Zara tana can asibiti ana yi mata allura, gobe ko jibi za ta dawo tana yi wa awaki waƙa.

"Sha, don Allah."

"Ba wa Bukar. Ga shi nan yana kuka."

Bukar lokacin bai daɗe da iya tafiya ba. Ya biyo ta yana riƙe da gefen zanenta, leɓɓansa sun yi fari sun tsage, idonsa a kan ƙwaryar. Ruwan garau yake, ana ganin ƙasan ƙwaryar. Tun jiya aka bar shi ya kwanta. Na shan gidansu ne.

"Ba nasa ba ne," in ji Bintu.

Na zage ta da Hausa, na zage ta da Barbarci. Na ce ta fita mini daga gida da baƙar ƙafarta. Na ce mijinta ma ba cin rani ya tafi ba, gudunta ya yi. Inuwar rumbun ta janye ta bar ta a rana, ba ta matsa ba. Ƙudan zuma suka ji ruwa suka taru a bakin ƙwaryar. Ƙwaryar ta yi mata nauyi, amma ba ta ajiye ba, don ba a ajiye wannan ƙwaryar a ƙasa. Gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ƙasar da takalmi ma ba ya hana ta ƙuna, a kanta gwiwoyin Bintu suke.

Rana ta take tsaka sannan Ya Falmata ta shigo. Na zaci za ta daka mini tsawar nan tata. Sai ta sunkuci Bukar ta goya shi yana ta miƙa hannu wajen ruwan, ta zauna kusa da ni, ta karɓi jaririn daga cinyata. Da murya ƙasa ƙasa ta yi magana, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Kulu, ba wanda zai yi miki dole. Bintu za ta kai magariba a nan in kin so. In ta faɗi, ni zan karɓa. Sai dai ki sani Modu yana bayan gari ƙarƙashin aduwa tun safe, shi da jakinsa. Ba zai shigo ba sai kin sha. Shi ma bai sa komai a bakinsa ba."

Na karɓa. Na sha. Ruwan da sanyi, da ƙamshin randa, har yau ina jin haushin daɗin da ya yi mini. Na sha rabi na miƙa wa Bukar sauran. Sannan Bintu ta ce, "Zara." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta so ta tashi ta kama ni, ƙafafunta suka ƙi, sai ta rarrafo.

Ruwa ya sauka bayan an fid da rai. Iska ta fara zuwa ta kwashe zanaye, sannan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa, sannan ɗigo manya manya. Aka fito da kowace tukunya da kowane akushi. Yaran da suka rage suka yi ta gudu tsirara suna buɗe baki. Sanƙarau ya tafi kamar yadda tsofaffi suka ce. Irin da zabi suka bari ya tsiro. Ni ina bakin ƙofa ina kallon ruwa yana malala a tsakar gida, ba mai tarewa, ba mai ƙirgawa.

Gwiwoyin Bintu sun yi bororo, suka warke suka bar tabo. Har muka tsufa, idan muna faɗa sai ta ɗage zane ta nuna mini, ta ce, "Bakanuwa, ga aikinki." Da gari ya watse ta bi ɗanta Yola. Maganarmu ta ƙarshe a waya, gardama muka yi kan ko Yola ta fi Maiduguri zafi.

Na ture farantin waken na kira Bukar.

"Inna Kulu, ya haƙuri?"

"Haƙurin uwarka nake tambaya. Ta ji?"

Ya Falmata tana Old Maiduguri a gidansa, wurin matarsa Yagana. Idonta ya rufe tun shekarun baya, waya kuwa ba ta riƙewa.

"Ba ta ji ba tukuna. Kin san ga hawan jini. Na ce wa Yagana ta bar ta ta kwana. Gobe da hantsi zan kira, ta kanga mata wayar a kunne in faɗa mata da kaina."

"A kunne."

"To ya zan yi, Inna? Ina Legas. In ruwa ne, ai akwai na leda a gidan, sai a ba ta."

"Bukar, ruwan da aka kawo mini ranar Zara, na gidanku ne. Kana tsaye kana kuka, uwarka ta goya ka ta hana ka. Kai ba ka tuna ba, ni na tuna. Matar da ta bar ɗanta da ƙishirwa don kada a faɗa wa maƙwabciya mutuwa a bushe, ita ce za ka kanga wa waya?"

Motocin Legas suna ta hon.

"Ka kira matarka yanzu. Ta hana yara kunna komai kusa da tsohuwa. Duk wanda ya zo gaisuwa ta tare shi a ƙofa. Kafin in iso rana ta faɗi, ba don haka ba da yau zan je. In na iso gobe na tarar ta ji a bakin wani, ni da kai ne."

"To, Inna."

Ruwana na saye ne, wurin masu turo jarkoki, amma a randata yake kwana, saboda haka nawa ne. Ƙwarya ce ta so ta ba ni wahala, gidan duk roba. Na tuna da wadda nake dama fura a ciki, na wanke ta na kife.

Da na idar da sallar asuba na ɗebi ruwan, na rufe da faifai, na fito titi. Mai keke napep ya dube ni ya dubi hannuna.

"Hajiya, ki zuba a gora mana. Zai zube miki a jiki."

"Ja a hankali, ɗan nan. Ka kula da ramuka."

Muka ratsa gari da ƙwarya a hannu biyu. Injin niƙa yana ta ruri bai tsaya ba. Yara suna guje guje da bokitai wajen famfo. Ba wanda ya dubi hannuna sau biyu, sai wata tsohuwa 'yar garinmu mai sayar da gyaɗa a bakin layinsu. Ita ta hango ni, ta ajiye gwangwanin awo, ta rufe bakinta da mayafi.

Yagana ta buɗe mini ƙofa idonta jawur, ta girgiza kai, alamar ba a faɗa ba. Ya Falmata tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ta rame, amma tsawon yana nan. Ta gane sallamata.

"Kulu? Lale, lale. Wace iska ce da sassafe haka? An ce an ga hadari ta Konduga, ko kin ƙunso mana shi a zane?"

Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Ba za ta ga ƙwaryar ba, kuma ba ni da hannun da zan kamo nata, sai na matsa har faifan ya taɓa yatsunta. Ta shafa shi. Ta bi bakin ƙwaryar, ta gangara ƙasa, ta tarar da hannuna na dama. Ta zagaya ta tarar da na hagu. Yatsunta suka tsaya a nan.

Ta janye hannunta a hankali ta ɗora a cinya.

"Ba na jin ƙishirwa, Kulu."

Rana ta fara leƙowa ta kan katanga. Na gyara gwiwoyina a ƙasa.

"Ba sauri nake yi ba, Ya."